Shekarar da Hafir Bai Ƙafe Ba

Kafin rana ta yi zafi, Baba Wada ya riga ya zagaya hafir, tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina a ƙauyenmu, kusa da Basunda. Yakan gyara shingen da awaki suka ɓarke, ya duba inda ruwa ya tsaya, sannan ya zauna bakin ƙofa ana gaisawa. Haka yake tun gashinsa na baƙi. A watan nan zai ajiye aikin kula da hafir.

Shekarar da damina ta ɗauke da wuri, ruwan ya riƙa ja da baya da saurin da ya tsorata kowa. Dattawa suka ce haɗama ce ta yi yawa. Baba Wada kuwa sai ya bi gida-gida. A gidan Jummare, mai ƙananan yara, ya tarar da ganguna cike, wasu har sun yi kore.

"Jummare, duk wannan na sha ne?"

"Wallahi Baba, rabi zubarwa nake yi. Amma in ban ɗiba ba, maƙwabciyata Ummusalama za ta ɗiba. Ranar da ya ƙare, me zan ba yara?"

Da ya je wurin Ummusalama, ita ma sunan Jummare ta kira.

Ya koma ya ce wa dattawa, "Ya jama'a, babu mugu a garin nan, tsoro ne. Kowa na gudun wani ya riga shi. Wa'azi ba zai hana uwa tanadi ba. A ba ta tabbacin gobe, da kanta za ta daina."

Aka ba kowace unguwa ranarta, kowane gida gwargwadon mutanensa, a ɗiba a gaban kowa. Ba a daɗe ba, mijin 'yar Baba Wada, Sharu, ya zo da amalanken jaki ba a ranarsu ba. Baba Wada ya ji nauyinsa ƙwarai, amma ya tare ƙofa.

"Halas, magana ta ƙare, ya Sharu. Sai ranarku."

'Yarsa ta daɗe ba ta leƙo gida ba, abin ya yi masa ciwo. Amma daga ranar mata suka yarda, suka daina tara ruwa.

Lokacin da hadarin farko ya zubo, akwai sauran ruwa a gindin hafir, mai laka, amma ruwa ne. Babu gidan da ya ɗaure kaya ya yi hijira zuwa garin Fau. Baba Wada ya zauna cikin ruwan saman nan yana ta "Alhamdulillahi", ya kasa tashi.

Kai ne, Baba, ka ga tsoro inda muke ganin mugunta. Kai ne bangon da gari ya jingina da shi. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu cikin lafiya. Mu kuma da muka rage, kafin mu zagi mutum, mu fara tambayarsa abin da yake tsoron rasawa.