Kefas Sigina da Saƙon da Ba Shi da Suna

Kefas ya yi aikin soja a sashen sadarwa, shi ya sa har yau a Zuru Sigina ake kiransa. Da ya yi ritaya sai ya kafa teburin gyaran waya a bakin kasuwa. Ciwonsa ɗaya ne, son sanin ta ina magana ke bi. Ko gulma aka kawo masa, tambayarsa ita ce, "Wa ya gaya wa wa?"

Matan kasuwa suna da zaure a waya, Dodo shugaban 'yan kasuwa ke riƙe da shi. Wadda duk ta yi ƙorafi sai ya goge saƙon, ya karɓe rumfarta. Larai mai daddawa kuwa rufin layinsu na yoyo tun farkon damina, kayanta na lalacewa. Ga shi Dodo yayan mijinta ne.

Kefas ya tono wata manhaja. Saƙo na tashi daga waya zuwa waya, ya ratsa na'urorin baƙi a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Zuru ba, ya sauka babu suna, babu lamba. Ba ta da shugaba, balle mai gogewa. Ya sa wa matan, har da Dodo, wanda ya ɗauka sabon yayi ne.

"Maman Alice, rubuta damuwarki kawai," Kefas ya ce wa Larai. "Ko matarki ta gida ba za ta gane ki ba."

"Sigina, ni mace ce, wace mata kuma?"

"To kin ga ƙarfin abin."

Larai ta rubuta. Amma ina aka taɓa yi wa yayan miji magana ba gaisuwa? Ta fara da, "Babban yaya, ya ƙafar? Ka sha maganin da na aiko Alice da shi?" Sannan ta zazzage masa zancen rufi tas.

Dodo ya iso teburin Kefas yana ɗingishi. "Sigina, goge min wannan!"

"Ranka ya daɗe, daga wace wayar? Yana cikin ta kowa."

Washegari aka karɓe rumfar Larai. Ta kwaso kayanta ta dire gaban teburin Kefas.

"Kai ka ce ba za a gane ni ba. Matsa."

Ya matsa. Yanzu wayoyin da yake gyarawa duk warin daddawa suke, bai kuma damu ba, don ya sami sabon bincike. Duk wadda ta zo sai ya tambaye ta, "In kin ɓoye sunanki, yaya za ki yi da gaisuwa?" Har yanzu babu wadda ta yarda a cire ta.