Gwaggo Sai-ya-bushe da Baƙin Ƙyallenta

Kafin mace ta farko ta yi sallama, Gwaggo ta riga ta share rumfar da ke ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma, ta jiƙa matajanta a ruwan ɗumi da sabulu. Ɗaya bayan ɗaya take bin haƙoransu da tsohon buroshi, ta ɗauraye, ta jera su a faranti ta kai rana. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, wadda ƙafarta ɗaya ta sha ƙusa har ta gaji, ta soke kibiyar tsaga a gefen ɗankwali, ta ninke wani baƙin ƙyalle ta ɗora a cinya. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka. Makon jiya ta ce ta ajiye kitso, don yatsunta sun fara yi mata gardama da safe.

Makitsiya ce, amma a layinmu ba mai ce mata haka. Gwaggo Sai-ya-bushe muke kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Ki zo da jiƙaƙƙen kai, ki ce sauri kike yi, ki ce mota na jiranki, ki yi rantsuwa, ki yi magiya. Za ta zura yatsa ɗaya can cikin gashin, ta zaro, ta nuna miki bencin da ke rana.

"Sai ya bushe."

Na ga matar da ta zo da direba ta zauna a bencin nan tana hura hanci. Ni ma na zauna, ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa zama da daɗin rai ba.

Baƙin ƙyallen kuwa na gwaji ne. Duk kan da ya zo hannunta, sai ta yafa shi a kafaɗun mai kan, ta tsefe kitso ɗaya, ta ɗan kaɗa gashin da yatsu. In akwai amosani, zai sauka a kan baƙin fari fat, ba musu. A nan ne halin Gwaggo yake. Rumfar kitso wuri ne da ba a rufa wa kowa asiri, a nan ake jin wadda ta yi yaji da wadda ta dawo. Amma Gwaggo ba ta taɓa ɗaga ƙyallen nan a gaban mutane ba. Naɗe shi take yi, ta sunkuya, ta buɗe wa mai kan ita kaɗai.

Ba labari aka ba ni ba, a kan 'yata na gani.

Auta tana da shekara goma sha uku a lokacin, da gashi irin na kakarta, cunkus, mai karya mataji. Sai amosani ya kama ta. Ni kuwa, da na ɗauki kaina gwanar sani, na yanke hukunci cewa bushewar fata ce, maganin bushewa kuma mai. Na lafta man kaɗanya. Na bi da man kwakwa. Na sayo wani mai ruwan ɗorawa a kwalba na ƙara. Kullum sai na sa mataji na kankare tsagar har ta yi ja, ina jin daɗi wai ina fitar da shi. Kitso kuma sai ya yi wata ɗaya da rabi ruwa bai taɓa shi ba, don kada ya tsufa. Ranar da aka wanke, nan take nake ɗaure mata kai tamau, wai kada mura ta kama ta.

Kayan makarantarsu shuɗi ne mai duhu. Yarinyar da ke zama a bayanta ta fara kaɗe mata kafaɗa tana dariya, kafin mako ya zagayo ajin duka suna kiranta Buhun Gari. Auta da ke rigan kowa ɗaga hannu ta koma can ƙarshen aji. Daga nan sai ciwon ciki kowace safiya, ciwon da ke warkewa da zarar lokacin tafiya ya wuce. Babanta ya gaji. Ya ce ranar Asabar za a kai ta wurin mai aski a sauke gashin gaba ɗaya, kowa ya huta. Auta ba ta yi kuka a gabansa ba. Ni ta samu a kicin, ta ce, "Umma, in aka aske, ba zan ƙara shiga ajin nan ba." Na san 'yata, ba barazana take yi ba, kuma hankalina ya tashi.

Saura kwana ɗaya na kai ta wurin Gwaggo, ba don magani ba, don a yi tsifa kawai, injin mai aski ya samu hanya. Gwaggo ta yafa ƙyallen, ta tsefe kitso ɗaya, ta duba. Ta shinshina yatsunta. Sai ta ce wa matan da ke jira su ba ta minti goma, ta ja mu cikin ɗaki ta saki labule.

"Maman Auta, me kike sa mata?"

Na lissafo mata, har da ɗan alfahari.

"Kai kike gyarawa ko suya za ki yi? Wannan ai albasa kawai ya rage."

Auta ta yi dariya, karo na farko a makonni. Ni kuwa na ji kamar in nutse.

"Amosani mai yake so," in ji Gwaggo. "Ke kina ta ba shi abinci, kin rufe shi da ɗankwali a cikin danshi, kin hana ruwa zuwa. Wane baƙo ne zai tafi?" Ta juya wurin Auta ta riƙe haɓarta. "Ke kuma jikata, ki ji da kyau. Wannan ba ƙazanta ba ce. Masu tsabta ma yana kama su. Kina son gashinki?"

Auta ta gyaɗa kai.

Da la'asar Gwaggo ta sa mayafi ta zo gidanmu da ƙafarta. Maigidan yana wanke babur a ƙofa.

"Ɗana, mako uku nake roƙo," ta ce. "In bai lafa ba, ni zan riƙe wa mai askin kan."

"Gwaggo, mun gwada komai fa."

"Kun gwada mai. Yanzu a gwada ruwa."

Ba ta haɗa wani sirri ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don na so a ce abu ne mai wuya da ba zan iya sani ba. Ta aike ni kantin magani na sayo shamfu na amosani. Ta raba gashin gida huɗu, ta koya wa Auta da kanta ta cuɗa fatar kan da tsokar yatsu, ban da farce, ban da mataji. Kumfar za ta zauna minti biyar kafin a ɗauraye. Gwaggo ba ta da agogo, don haka ta ce Auta ta riƙa karanto mata lissafin sau, daga bakwai sau ɗaya har ƙarshen gidan tara. A ɗauraye sosai, a tsane da tawul, a zauna a iska. Mai kuwa ɗan kaɗan, a jelar gashin kawai, kada ya taɓa fata. Sai manyan kalaba huɗu marasa tsauri, waɗanda za a iya kwancewa a wanke sau biyu a mako. Mataji, ɗankwali da rigar matashi, duk a wanke su tare.

Ni aikina ɗaya ne, in ji ta, in zauna a kan hannuwana.

Ban iya ba. A mako na biyu na ga tsagar ta yi mini haske da yawa, na lakato man kaɗanya na shafa mata tana aikin gida. Washegari da muka je rumfar, ko zama ba mu yi ba Gwaggo ta ɗaga hanci.

"Jikata, wa ya taɓa kan nan?"

Auta ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta kalle ni.

"Kawo kwalbar gobe, Maman Auta. Zan ajiye miki, ƙafafunki ma suna so."

Ranar da mako uku ya cika, maigidan ya rako mu, ya tsaya daga bakin rumfa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Gwaggo ta yafa ƙyallen, ta kwance kalaba, ta kaɗa, ta sake kaɗawa. A wannan karon kaɗai na ga ta karya dokarta. Ta tambayi Auta ko ta yarda, sannan ta ɗaga ƙyallen sama kowa ya gani. Ɗigo biyu ne a kai, sai ka ƙura ido. Maigidan ya yi gyaran murya ya ce dama shi bai cika son askin ba. Ranar Litinin Auta ta riga ni tashi, kuma a zangon nan ba wanda ya kamo ta a gidan bakwai.

Ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabciyata mai sayar da yadi ta kai ƙaramar 'yarta da wani zagayayyen tabo inda gashi ya zube. Gwaggo ta duba ta ce wannan ba amosani ba ne, ya fi kama da makero, kuma ba aikinta ba ne, a tafi asibiti yau. Haka likita ya tabbatar. Ta kan kuma faɗa wa kowa gaskiya, cewa amosani yana iya dawowa in aka yi sake, don haka wankin mako-mako ba ya ƙarewa.

Gwaggo, ke ce kika san inda iyawarki ta tsaya, ba ki taɓa jin kunyar faɗa ba. Ke ce kika ƙi kitsa kai a kan ciwo, ko da mai kan za ta yi fushi ta tafi wani wuri. Mai taushin hannu, mai kaifin hanci. Kin tsare wa 'yata gashinta da kujerarta a gaban aji, kin kuma gyara uwar ba tare da kin tozarta ta a gaban mutane ba.

Ranar da ta ajiye kibiya mun cika rumfar. Auta, wadda yanzu malama ce mai nata ajin, ta zo da gashinta a tufke, ya fi na da cika. Ta ɗauki kujerar 'yar tsugunno ta zauna, ta nuna tabarma.

"Gwaggo, yau ke ce a ƙasa."

Sai a lokacin muka tuna ba wadda ta taɓa ganin kan Gwaggo a buɗe. Da lalube take kitsa abinta. Ta yi ta ƙi, muka yi ta nacewa, har ta zauna ta zame ɗankwali. Auta ta yafa mata baƙin ƙyallen ta kaɗa gashin. Duk muka miƙa wuya. Ba zan ɓoye ba, ni addu'a nake a samu ko ɗigo ɗaya in rama. Ba a samu ba. Farin da ya sauka a kai silin furfura uku ne.

Auta ta zura yatsa ɗaya can ciki, ta zaro, ta dube shi. Ashe da safen nan Gwaggo ta wanke kai.

"Gwaggo," ta ce, tana nuna bencin rana, "sai ya bushe."

Rumfar ta ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Gwaggo ta miƙe a hankali, ta je ta zauna a bencin da ta shekara talatin da huɗu tana tura mu, tana dariya tana share ido da gefen zane.

Mun gode, Gwaggo, Allah ya ba yatsun nan hutu. Ku kuma masu riƙe da kawunan mutane, makitsa da iyaye irina, ku duba fata kafin ku duba ado, ku rage hannu a kwalbar mai, kuma abin da kuka gani a kan mutum ku nuna masa shi kaɗai. Ƙyallen yana wurin Auta yanzu. Ta naɗe shi da furfurar uku a ciki, ta ce ba za ta kaɗe su ba.