Masu Gida, Magini Yana Sama

Yayana magini ne, kuma ba na cewa "a da", don in ya ji sai mun yi faɗa. Tun ina 'yar ƙarama nake ganinsa yana dawowa gida fari fat da siminti har a gashin ido, ya zauna bakin ƙofa yana ɓanɓare busasshen kwaɓi daga yatsunsa. A gida ba shi da yawan magana, amma a wajen aiki an ce bakinsa ba ya hutawa: ya tsokani lebura, ya tsokani kafinta, har mai ginin bai bari ba. Rabin gidajen layinmu hannunsa ne. In muna tafiya sai ya tsaya ya shafa katangar mutane kamar ya gamu da ɗansa a hanya, ni kuwa kunya ta ishe ni in ja shi mu wuce.

Hawan jini ne ya kayar da shi ana tsaka da aiki. Ya tashi, mun gode Allah, amma ɓarin damansa bai tashi duka ba. Ƙafar ja yake yi, hannun kuma rawa, in ya ɗauki kofi sai rabi ya zube. Matarsa tana fita aiki tun safe, yara sun girma sun watse, shi ya sa na kwaso keken ɗinkina na dasa a falonsu, ina ɗinki ina sa masa ido. Abokan aiki sun yi ta zuwa dubiya da farko, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Sai dai Yaya ya koma kwanciya fuska ga bango, in yi magana goma ya amsa ɗaya. Wallahi shirun nan ya fi ciwon ba ni tsoro.

Babban ɗansa ne ya kawo tsohuwar kwamfuta ya ajiye a teburin falo, ya sa masa wani wasa da ake yi ta intanet. Ana jefa mutum a wani tsibiri ba riga ba takalmi, sai dutse ɗaya a hannu. Ka sari itace, ka fasa dutse, ka nemi abin ci, ka gina wurin fakewa. Duk wanda ka gani yana yawo a tsibirin mutum ne na gaske yana zaune a nasa ɗakin, kuma yawancinsu so suke su harbe ka su kwashe abin da ka tara.

Na ce, "Wannan ai duniya ce aka zuba cikin akwati, Yaya. Me ka rasa a ta waje?"

Bai kula ni ba. Kalmar gini kaɗai ya ji.

Ranar da ya fara ginin nan na yi dariya har allura ta soke ni. Kowa yana jefa bango huɗu da rufi ya shige ciki kafin a harbe shi, shi kuwa Yaya sai ya zagaya filin, ya duba inda ruwa zai bi, sannan ya fara da tushe. In ya ta da bango sai ya je gefe, ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya miƙe. Na ce masa kwamfuta ba ta iya karkataccen bango. Ya ce, "Auta, wanda bai duba aikinsa ba, ba shi ya yi ba."

A haka wasu mutum uku suka same shi suka ɗauke shi cikinsu. Ban taɓa ganin fuskarsu ba, amma na san muryarsu kamar 'yan gidanmu, don Yaya ba ya son abin sawa a kunne, ta lasifika yake jin su. Akwai Ticha, shi ne shugaba, mai magana kamar har yanzu yana gaban aji. Akwai Nas, mace mai sanyin murya, da ke kiransa Baba Magini. Sai Direba, sarkin surutu da wasa. Duk suna zuwa aiki, sai da yamma suke shiga. Yaya shi ke wuni yana gini yana gadin gidan. Da la'asar ta yi sai ka ga ya wanke fuska, ya canza riga, ya zauna yana jira. Mutumin da ba ya amsa mini sai ga shi yana tsokanar Direba har da ƙyaƙyatawa. Na ji kishi kaɗan, amma daɗin ya fi yawa.

Doka ɗaya Ticha ya kafa musu: ba manhajar maguɗi. Wata aba ce da wasu ke sawa a ɓoye a kwamfutarsu, ta saita musu bindiga, ta nuna musu abin da bai kamata su gani ba. Masu irinta sun sha rushe musu gida, kuma Ticha ya tsane su kamar masu satar amsa a jarrabawa.

Matsalar Yaya ita ce harbi. Gini yana jiran hannu mai rawa, faɗa ba ya jira. In mahara suka zo, shi ne na farkon faɗuwa, kuma ta kusurwar da aka ba shi ake shigowa. A tsibirin nasu kuwa ƙungiya ba ta wuce mutum huɗu. Wata yamma bayan an yi musu kaca-kaca, Direba ya ce yana da ƙane gwanin harbi da ke neman wuri. Sannan ya ƙara da cewa, cikin wasan nan nasa da ba ya sanin inda zai tsaya, "Ticha, mu faɗi gaskiya mana, bango ba ya harbi."

Nas ta ce, "Haba Direba!" Ticha ya ce a bar maganar tukuna. Tukuna fa ya ce, bai ce a'a ba. Na dubi Yaya, ya ɗora hannun hagu ya danne na daman a kan tebur. Ba gidan tsibiri yake tsoron rasawa ba, muryoyin nan uku ne.

Ana cikin haka kwamfutar ta fara zafi, muka kira mai gyaran waya na bakin layi, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Yana gyara yana kallon Yaya yana harbin iska. Sai ya rage murya ya ce akwai maganin wannan.

Yaya ya ce, "Maguɗi kake nufi."

"Wane irin maguɗi, Baba? Sanda ce. Mai ciwon ƙafa ya riƙe sanda a ce ya cuci masu tafiya? Su hannunsu lafiya lau, kai naka ya gaza. Daidaita ku kawai za ta yi."

Na tsani yadda maganar ta yi kama da gaskiya. Na ce, "Yaya, Ticha fa?" Ya ce, "Ki yi ɗinkinki, Auta." Injiniya ya sa masa ita, ya nuna masa madannin da zai taɓa, ya tafi.

Washegari da hantsi, su Ticha suna wajen aiki, Yaya ya hau saman hasumiyar da ya gina musu ya kunna abar. Na bar keke na zo na tsaya bayansa. Ashe ba bindiga kaɗai take saitawa ba. Duk bangon tsibirin ya koma kamar gilashi. Ga mutane nan ja-ja a cikin ɗakunansu, ga inda kowa ya binne akwatinsa, ga ƙofar sirrin da wasu suka ɓoye a bayan gida. Can hayin rafi akwai wata 'yar bukka, mutum ɗaya a ciki, ba ya faɗa ba ya tara komai, yana ta jera kujeru a gaban murhu, ya ɗauke ya sake jerawa. Yaya ya kalle shi kaɗan, sai ya kawar da kai gefe kamar an watsa masa ruwa.

A nan sai na gaya muku wani abu na magina. Magini in ya hau sama, babu gidan maƙwabcin da ba ya gani: mai wanka, mai cin abinci, miji da mata da ke faɗa. Shi ya sa maigidan da ya koya wa Yaya aiki yake dukan duk yaron da ya taka tsani bai yi shela ba. Kafin ka hau sai ka ɗaga murya maƙwabta su ji su kintsa, in ka hau kuma idonka a kan bulo. Tun Yaya yana ɗaukar kwanon kwaɓi yake yin wannan, har ya zama masa kamar numfashi.

Ban ankara ba sai na ga ya buɗe wurin rubutun da duk mutanen tsibirin ke karantawa, yana danna harafi ɗaya-ɗaya da yatsan hagu. Ya rubuta: "Masu gida, magini yana sama. Ina ganinku duka ta cikin bango. Kowa ya kintsa."

Almakashi ya faɗi daga hannuna. "Yaya! Ka taɓa jin ɓarawo ya yi sallama?"

Ya waigo ya dube ni kamar ni ce na zauce. "To in leƙa mutane ba su sani ba?"

Kafin in ba shi amsa rubutu ya fara zubowa, wasu dariya, wasu zagi, wasu suna kiran masu kula da tsibirin. Azahar ba ta yi ba aka rufe masa asusunsa na wasan. Ba su tsaya nan ba, suka share gidan ƙungiyar gaba ɗaya da duk abin da su huɗun suka daɗe suna tarawa, don a wurinsu gidan mai maguɗi ne. Ko harsashi ɗaya bai harba da abar ba.

Da yamma suka kira shi a waya. Ticha ya yi faɗa sosai, ya ce ba kayan ne suka dame shi ba, sunansu da ya ɓaci ne. Nas ce ta ce a hankali, "Baba Magini, me ya hana ka gaya mana abin da ke damunka?" Yaya bai kare kansa ba, bai ambaci hannu ba, bai ambaci Injiniya ba. Ya ce ya yi kuskure, su yi haƙuri, ya ajiye wayar ya koma ɗaki.

Na ba shi kwanaki, na ga fuska ta sake komawa bango. Ni kuma ba a haife ni da haƙuri ba. Na ɗauki wayarsa na kira Nas, na zayyana mata komai, tun daga kofin da ke zubewa har rigar da yake canzawa don muryar mutanen da ba sa ganinsa. Na ce ta gaya wa Direba harshe ma yana harbi. Ta ce, "Wallahi ba mu san hannunsa ya kai haka ba. Bai taɓa faɗa ba." Haka yake, namiji da girman kai sai Allah.

Suka dawo da shi. Injiniya ya wanke kwamfutar tas yana ƙunƙuni, aka buɗe sabon asusu, suka koma wani tsibirin suka fara daga dutse ɗaya. Ƙanen Direba ya nemi wata ƙungiyar. Yaya ya gina musu gidan da ya fi na da, ya kuma ɗora wa kansa wani aiki: kullum da safe sai ya tsaya gaban wata bishiya ya yi ta harbinta. Na ɗinka masa ɗan matashi yana ɗora wuyan hannun, rawar ta ɗan ragu. Watanni yana wannan, ni ce shaida, don ƙarar ta hana ni jin rediyo.

Ran nan da yamma mahara suka zo. Aka kayar da Direba, aka kayar da Ticha, Nas ma ta faɗi. Na ƙarshen maharan ya kwashi kayansu ya ruga, har ya kusa shiga daji. Yaya ya ɗora hannu a matashin, ya riƙe numfashi, ya harba sau ɗaya. Mutumin ya kife.

Ya buga tebur ya yi ihu, ni ma na miƙe ina tafi kamar yarinya. Muka juya ga lasifika muna jiran Direba ya fasa mana kunne. Shiru. Har na ɗauka intanet ce ta ɗauke. Can sai muryar Ticha, a hankali, ba faɗa a cikinta:

"Magini... da hannunka ka yi wannan?"

Yaya ya ce, "Da hannuna."

"To. Madalla."

Nas ta yi sauri ta ce sannu da ƙoƙari, Direba ya jefa wani wasa, aka ci gaba. Ban ga laifin Ticha ba, ko ni ce a wancan gefen da na tambaya. Amma raina ya ɓaci har na kasa zura zare a allura.

Har yau yana cikinsu. Yana gini, yana gadi, yana tsokanar Direba, da la'asar yana zama yana jira. Sai dai tun ranar bai sake ɗaukar bindiga ba. In mahara sun zo, gyaran bango yake yi har a kayar da shi. Na gaji na tambaye shi wata safiya, na ce duk wahalar bishiyar nan ta tafi a banza ke nan?

Bai ɗago daga ginin da yake yi ba. Ya ce, "Auta, in na harba na kuskure, sun san ni ne. In na samu, sai sun tambaya."