Wasiƙar Direban Gyaɗa

Shekarar da fari ya cinye mana gero, yayana ya tafi kudu ci-rani, shiru har damina biyu. Sai ga wasiƙa da Turanci daga wani direba Bayarabe da ya saba ɗaukar gyaɗa a garinmu. Ni ce na gama firamare a gidan, kuma ina ji da kaina, aka miƙo min.

Layi biyu ne bayan gaisuwa. Ya ce “I ran into your son” a tashar mota, kuma a yi haƙuri, bai samu ya taho da shi ba. Na san “ran” gudu ne, na san “into” ciki ne, ga shi mai wasiƙar direba ne. Na dubi Inna na ce ya buge Yaya da mota.

Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai: wane irin mutum ne zai kashe ɗan mutane, ya soma da tambayar ya gyaɗar bana?

Ranar kasuwar Tsanyawa na soke wasiƙar a zani na kama hanya a ƙasa. Baba ya ce in dawo, na yi kamar ban ji ba. A kasuwar na yi ta tambayar mai jin Turanci har aka nuna min wani tsohon hedimasta a rumfar masu goro.

Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

“'Yar nan, in kin ce kin ci karo da ƙawarki a kasuwa, goshi kuka haɗa?”

“A'a, Malam.”

“To haka su ma suke faɗa. Kiciɓis suka yi. Yayanki na nan da ransa.”

Murna da kunya suka taso min tare. Na dawo na tarar da mata cike da tsakar gida, na tsaya a gabansu na ce ni na yi kuskure, Yaya bai mutu ba. Wata gwaggona ta fara yi min tas, Inna ta ɗaga mata hannu.

Ta jawo ni kusa da ita, ta ce, “Sake karanta min. A hankali, tun daga gaisuwar.”