Yadda Na Zama Baban Likita

Da ana iya mayar da magana cikin baki, da wadda na faɗa a gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu zan fara mayarwa. Ba zagi ba ce, ba kuma rantsuwa ba. Amma ta rage min daɗin shekarun da suka fi kowane daɗi a tsufana, ta kuma kusa raba ni da ɗana na uku.

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke gefen Tofa. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani kuma albasa da tumatir a wajen madatsar ruwa ta Watari. Karatuna na allo ne, sai ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, wanda da shi nake wannan rubutu. Yaron nan tun yana ƙarami bai iya tafiya a hankali ba, kullum a guje yake. In uwarsa ta ba shi abinci ya kawo mana gona, da zafinsa yake isowa, sai dai rabin miyar ya zube a hanya.

Ranar da ya samu shiga jami'a ina gona ina maimai. Na hango shi yana tsallake kunyoyi kamar barewa, yana ɗaga waya sama.

"Baba, na samu! Sun ɗauke ni!"

Na yar da fartanya na rungume shi, abin da ban taɓa yi ba tun da ya girma. A gidanmu kaf ba wanda ya taɓa taka jami'a. Na ce, "Alhamdu lillahi! To me za ka karanta?"

"Kimiyyar wasanni da motsa jiki."

"Kimiyyar me?"

"Wasanni, Baba."

Ya ci gaba da bayani, wai za su karanci ƙashi da jijiya da bugun zuciya da numfashi, amma ni wasa kawai kunnena ya riƙe. A bakinmu wasa abin yara ne a dandali. In magana ta yi nauyi cewa muke ba wasa ba. Kuma ina da tabona a kan kalmar, don da ƙuruciya ni ɗan kokawa ne. Bayan girbi in aka buga ganga, har ƙauyukan maƙwabta nake zuwa, kuma bayana bai cika taɓa ƙasa ba. Da aka yi min aure mahaifina ya karɓe warkina ya ce wasa ba ya cika rumbu. Daga ranar ban sake shiga fili ba, ban kuma sake ba kowa labari ba.

Ranar Juma'a muna zaune a majalisa, sai taubashina ya juyo. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana tun muna yara, mutumin da bakinsa ya fi barkono.

"Kai rago, an ce ɗanka ya shiga jami'a. Allah ya sa ba kanka ya gado ba. Me zai karanta?"

Kowa ya zuba min ido. Na hango dariyar da za a yi in na ce wasa, na tuna da ƙashi da jijiyar da yaron ya ambata, sai kawai na ji bakina ya ce, "Likita zai zama."

Aka yi kabbara. Liman ya yi addu'a aka shafa. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Baban Likita. Da labari ya shiga cikin gida, uwar yaron ta dube ni ta ce, "Malam, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi." Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

Yaron ya zauna wajen ƙanena a unguwar Rijiyar Zaki a Kano, kusa da makaranta. In ya zo hutu, da sassafe nake jan sa zuwa Watari don kada ya zauna a majalisa. Masu ce masa likita a hanya kuwa ya ɗauka tsokana ce irin wadda ake yi wa duk wanda ya shiga jami'a, sai ya yi dariya ya wuce.

Abin mamaki shi ne, a can gonar, ni ne nake matsa masa da tambaya. Muna jiran ruwa ya cika fangali sai ya kama hannuna ya ɗora yatsuna a wuyana ya ce in ji zuciyata tana aiki. Ya gaya min dalilin da bayan manomi yake ciwo, ya nuna min yadda zan ɗaga buhu da ƙarfin cinya ba da ƙugu ba. Wata rana ya ce sun karanta cewa mai kokawa in ya riƙe numfashi, shi yake fara gajiya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wannan gaskiya ne! Shi ya sa muke sauraron numfashin mutum kafin mu kai masa hannu. Tashi in nuna maka."

Na kama shi na sa masa ƙafa, sai ga ɗan jami'a a ƙasa cikin albasa. Yana kwance yana dariya yana cewa, "Baba, ashe kai ne malamin, ka bar ni ina wahala a Kano!" Mun daɗe ba mu yi dariya irin ta ranar ba. Da muka dawo gari kuwa na koma Baban Likita.

A shekararsa ta uku aka zaɓe shi cikin 'yan ɗalibai kaɗan da za su je ƙasar Habasha su yi wasu watanni. Habasha! Ƙasar da muke ji a bakin malamai, inda sahabbai suka yi hijira. Gidanmu ya rikice da murna. Uwarsa ta yi masa dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji, kamar wanda za shi inda ba a dafa abinci. Da ya kawo fasfo na juya shi gaba da baya, na kai wa kakarsa ta shafa. Muka cika mota muka raka shi filin jirgi. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, na tsaya ina bin sa da ido har wuyana ya ƙage, ina gaya wa wani da ban sani ba cewa ɗana yana ciki.

Bayan ya sauka sai bidiyo ya fara shigowa wayata, ƙanwarsa tana buɗe min. Kai, duniya da faɗi take! Garin a kan duwatsu yake, gajimare yana yawo a ƙasan mutane. Ya ce iskar can ba ta da kauri, makon farko ko matakala ya hau sai ya tsaya yana haki, shi da ba wanda ya taɓa tsere masa a ƙauyenmu. Na ce, "Yanzu har iska ma akwai inda ake ƙarancinta?" Ya nuna min abincinsu, wani abu kamar sinasir mai faɗin faifai, ya ce tsami gare shi, yajin uwarsa ne ya cece shi. Ya nuna min mutane da sanyin safiya, maza da mata, garke guda, suna gudu a kan jar ƙasa, ƙafafunsu suna sauka tare kamar masu daka. Ya ce yawancinsu 'ya'yan manoma ne irinmu, kuma a cikinsu akwai waɗanda duniya ta san da su. Aikinsu su ɗalibai shi ne su ɗora mai gudu a kan wani inji da shimfiɗarsa take tafiya da kanta, su sa masa abu kamar takunkumi, su auna numfashinsa da bugun zuciyarsa, su gano abin da dutse yake yi wa jinin mutum.

Na kalli bidiyon nan har na haddace su. A gona nake kallo, a zaure nake kallo. Ƙirjina ya cika da labari, amma ba wanda zan ba. In na je majalisa aka ce, "Yaya likita?" sai in ce, "Yana can asibiti, aiki ya yi masa yawa." Mai abinci a baki da yunwa a ciki, haka na zama.

Rannan na kasa daurewa, na ja taubashina gefe na nuna masa guda ɗaya. Ya ƙura ido, ya ga yaron yana bin masu gudu da agogo a hannu.

"Ikon Allah! Su a can marasa lafiya gudu suke yi?"

Na ce, "Waɗannan sun warke ne."

Ya ce, "Lallai likitan nan ya iya aiki," ya miƙo min wayata yana wani murmushi da ban so ba.

Ranar da ya dawo, zaurenmu ya cika. Ya rame, ya yi baƙi, amma idonsa tar. Ana ta barka da sauka, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Can sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ratso mutane da jikanta a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi.

"Likita, duba min shi. Tun jiya yake zazzaɓi, uwarsa ta ce a kai shi Tofa, na ce a'a, namu yana hanya."

Ya ce, "Inna, ni ba likita ba ne."

"Haba ɗan nan, babanka da bakinsa ya faɗa."

Ya dube ni sau ɗaya. Ya karɓi yaron, ya ari babur ɗin wansa, ya ɗora tsohuwar a baya, suka nufi asibitin Tofa. Allah ya taimaka aka ba yaron gado, ya kuma tashi. Amma ma'aikatan sun yi faɗa a kan jinkirin, kuma na san wanda faɗan ya dace da shi.

Washegari da hantsi ɗana ya same ni a gona. Ya zauna a kan kunya, ya daɗe yana wasa da ƙasa a hannunsa.

"Baba, kai ka ce musu likita nake karanta?"

"Ni ne."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Ya gyaɗa kai. "Ni kuwa duk bidiyon da na turo, cewa nake Baba zai nuna wa mutanen majalisa. Har abokaina na can nake gaya wa babana ɗan kokawa ne." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Gobe zan koma Rijiyar Zaki. A yafe ni."

Hutunsa kuwa ko farawa bai yi ba. Da ya ɗaga murya da ya fi min sauƙi. Na san irin tafiyar nan, wadda yaro zai riƙa gaishe ka da ladabi a waya har ka mutu, amma ba zai sake kawo maka labari a guje ba.

Da la'asar na ce ya raka ni masallaci. Bayan an sallame, mutane sun zazzauna a gindin darbejiya, ni na ƙi zama.

"Jama'a, ina da magana. Ƙarya na yi muku. Ɗana ba likita yake karanta ba. Wasa yake karanta, kuma wasan ne ya kai shi Habasha."

Sai taubashina ya tafa hannu ya faɗi da baya yana dariya.

"Yau rago ya yi ta maza! Kai, tun shekarar farko muka sani. Yaran garin nan masu tuƙa adaidaita suna ganin sa a filin makaranta da gajeren wando da usur a wuya. Muka ce a bar ka mu ga iya gudun ruwanka."

Ashe duk majalisar sun sani. Waɗanda ba su sani ba su ne tsofaffin cikin gida da suka yarda da maganata, sai kuma yaron da kansa. Liman bai yi dariya ba, ya ce in je in ba tsohuwar nan haƙuri, kuma na je tun kafin magariba.

Amma kafin nan na ciro wayata. Na buɗe bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya, dattawa suka yi min rumfa, ina bayani kamar ni na je. Na faɗi na iska, na faɗi na inji, na faɗi na sinasir mai tsami. Inda na kuskure yaron ya gyara min daga baya, da farko a hankali, can kuma ya matso ya karɓi wayar. Taubashina ya ce, "To ɗana, a kimiyyar taku, tsakanina da wannan tsohon wa zai ka da wani?"

Yaron ya ce masa, "Baba, ka bar maganar nan. Ni ma ya ka da ni a cikin albasa."

Majalisa ta kece da dariya, ni kuwa idona ya ciko. Yaron bai koma washegari ba. Hutun nan gaba ɗaya a gida ya yi shi, kuma kafin ya tafi ya sa dattawan majalisa tafiyar sassarfa bayan sallar asuba, daga masallaci zuwa bakin titi. Taubashina yana ƙorafin gwiwa, amma shi yake fara fitowa don kada a ce na riga shi.

Yanzu ya gama, yana horar da matasa a Kano. A gari kuwa sunana ya koma Baban Ɗan Wasa, kuma daga nesa nake amsawa. Abin da yake ci min rai shi ne ranar da jirginsa ya tashi da watannin da suka biyo baya, da na yi murnata a ɓoye kamar ɓarawo, ga kuma yaron mutane da ya kwana cikin zazzaɓi saboda ni. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ɗanka ya zo da gudu ya faɗa maka abin da zai karanta, ka saurare shi har ƙarshe, in an tambaye ka kuma ka faɗi sunan abin yadda yake. Kada ku yi irin tawa.