Tocin Walda Mai Tsotson Yatsa

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga Jimeta zaɓen tocin walda ba, kuma tunda yau silindarmu ta ƙare kuna zaune ba aiki, ku matso in ba ku labarin. Ni ban san lissafin shekarun boko ba. Abin da na sani, an riga an hana acaɓa a gari, ambaliyar da ta cinye gonakin bakin Binuwai ta wuce da damina biyu, mu kuma muna cikin wata na bakwai da gudowa daga Mubi. Saura wata guda a kama azumi, ana zafin nan na Yola da ko kaza ba ta fita tsakar gida.

Mijina, wanda mutanen Mubi suke kira Malam Mai Walda, a bayan gidanmu yake aikinsa. Shekara ashirin da wani abu ni ce mai kula masa da tukunyar kabaid. Don sababbin cikinku, bari in yi bayani. Walda irin tamu abu biyu take ci. Akwai oksijin da ke zuwa a doguwar silinda, mu iska kawai muke ce mata. Akwai gas, shi kuma mu muke haɗa abinmu: a zuba dutsen kabaid a tukunya, ruwa ya riƙa ɗiga masa, ya tayar da gas mai warin tafarnuwa. Jan tiyo ya ɗauko gas, shuɗi ya ɗauko iska, su haɗu cikin ƙarfen da ake riƙewa a hannu. Shi ne toci. A sa masa ƙaramin baki, ya liƙe ƙarfe da ƙarfe. A sa masa kai mai madanni, ya yanka ganga kamar ana yanka sabulu.

Da idanun Malam suka fara yin yana, ni na karɓi tocin. Ina bayan katanga ina aiki, shi yana zaure yana karɓar godiya. Kurfotin gawayin da matan unguwarmu suka yi shekaru suna girki a kai, hannun nan ne ya yi su.

Da muka gudo, gidan Buba muka sauka a Yolde Pate. Buba ɗan yayana ne, ma'aikacin gwamnati, kuma shi da matarsa ba su taɓa nuna mana gajiya ba. Amma ni da nake zuba wa wasu abinci, sai ga ni ina jiran a miƙo mini kwano. Malam kuwa idanu sun ƙarasa rufewa. Daga safe zuwa yamma yana gindin dalbejiya, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mutumin da yake cika gida da surutu. Wannan ya fi kwanon ci mini rai.

Da hanya ta buɗe, Buba ya je ya dubo mana gida. An kwashe toci, an kwashe tiyo, har ƙyauren ɗaki. Tukunyar kabaid kaɗai aka bari, ina jin nauyi da wari ne suka cece ta. Ya ɗauko mini ita a bayan mota. Ina buɗe murfin na shaƙi warin nan, sai na ji kamar an mayar mini da shekara goma. Gari ya cika da 'yan gudun hijira, kowa na girki a kan duwatsu uku, itace ya yi tsada. Na ce wa kaina, Dija, ga aiki yana kiranki. Na cire 'yan kunnena na zinariya na sayar. Abin da suka kawo zai sayi toci ɗaya da tiyo da geji, wato agogon da ake ɗaura wa bakin silinda, sau ɗaya tak. In na yi kuskure, babu wasu 'yan kunnen.

Buba ya ce, "Goggo, ni ban hana ba. Amma gidan nan akwai yara, ga zana a kewaye. In za a kunna wuta a nan, sai dai na zamani. Na duba a waya, na ga wanda ya fi kowanne."

Na ce, "To, wayar ta taɓa yin walda?"

Ya yi dariya ya ce in shirya mu tafi.

Shagon yana layin masu kayan ƙarfe a Jimeta. Mai shi Oga Chidi, a Jimeta aka haife shi, babansa ne ya buɗe shagon. A lokacin ya tura iyalinsa kudu saboda halin da ake ciki, shi ya zauna. Ya dubi Buba da rigar ofis, ya dube ni da mayafi da carbi, sai ya jawo mini kujera ya juya wajen Buba. Buba ya nuna masa hoto a waya. Nan da nan ya sauko da wani jan akwati, ya buɗe. Wallahi abin ya yi kyau. Toci yana walƙiya, bakuna jere kowanne a raminsa, kamar kayan lefe. Ni kaina sai da ya burge ni.

Na ce, "Kawo in gani."

Oga Chidi ya ce, "Mama, wanda ya aiko ka zai ji daɗi. Wannan orijina ne."

Na ce, "Ni na aiko kaina. Kana da silindar iska?"

"Akwai, na haya. Me za ka yi da shi?"

"Gwaji zan yi."

"Haba Mama, ba a gwada sabon kaya. In ka buɗe leda, ka saya ke nan."

Buba ya sunkuyo ya ce a hankali, "Goggo, kada mu ba da kunya." Na ce masa kunya tana gida, a gindin dalbejiya na baro ta. Na miƙe na gyara mayafi kamar zan tafi. Oga Chidi ya ga da gaske nake, kuma ina jin son ganin ƙarshen abin ya kama shi. Ya shiga ciki ya mirgino silinda.

Ku da ba ku ga zamanin ba, ba za ku gane ba. A lokacin da irinta ake haɗa bam, don haka in aka ga silinda a kasuwa, kowa sai ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Mai lemun da ke bakin shagon ta ɗauki farantinta ta ƙara gaba. Masu shagon gefe suka koma can nesa suna leƙe. Ni kuwa na nemi ruwa da sabulu na wanke hannu har gwiwa, don da safe na taya matar Buba suyar ƙosai. Wajen ɗaura geji zaren ya ɗan yi tauri, sai Buba, da son taimako, ya ɗauko gwangwanin baƙin mai zai shafa. Na buge masa hannu a gaban mutane. Na ce, "Iskar nan in ta haɗu da mai, ba ta jiran ashana." Oga Chidi ya dube ni ya daina murmushin da yake yi.

Ga gwajin, ku riƙe shi. Na haɗa tiyon iska kaɗai, na bar ƙofar gas a buɗe ba tiyo. Na buɗe iska, na buɗe makunnin gas na jikin tocin, na lashi yatsana na ɗora a ƙofar gas ɗin. Na jira. Shiru, yatsa bai ji komai ba.

Na ce, "Mai kyau ne, amma ba nawa ba ne."

Buba ya ce, "Goggo, shi ne fa wanda ya fi kowanne."

Na ce, "Ga mai sayen gas a silinda, wanda yake fitowa da ƙarfinsa. Ni tukunya gare ni. Gas ɗin tukunya rago ne, ba ya tafiya sai an jawo shi. Tocin da zai yi mini sai mai tsotso, wanda iska in ta wuce a cikinsa take jawo gas ɗin. Wannan in na kai shi gida, wuta za ta riƙa yunwa tana tari, tana komawa ciki. Yaran da kake tsoro dominsu, wannan ne zai tsorata su."

Oga Chidi ya ɗauko wani mai araha, marar nauyi kamar cokali. Na gwada. Wannan maimakon ya ja, sai na ji yana huro mini iska a yatsa. Na rufe da sauri. Na ce masa, "Ɗana, wannan kada ka sayar wa kowa. Iska zai tura cikin tukunyar mutum." Ya karɓa ya ɗora nasa yatsan, ya ji. Sai ya jefa shi ƙarƙashin kanta.

Nan fa ya ce iri biyun ke nan a shagon. Na fara tunanin komawa Yolde Pate hannu wofi. Sai ya tsaya yana sosa kai, ya ce, "Tsaya, Mama. Babana yana yin wannan abu da yatsa. Tun ina ƙarami ban sake gani ba sai yau." Ya hau kan buhu, ya miƙa hannu can saman kanta, ya sauko da wani abu naɗe a tsohuwar jarida. Tocin tagulla ne, ya yi duhu don daɗewa, ba a taɓa kunna shi ba, da kan yanka da bakuna uku ɗaure da waya. Ina ɗaukarsa na ji nauyinsa ya zauna mini a hannu.

Na haɗa, na buɗe, na ɗora yatsa. Ya kama shi caf, kamar ɗan akuya ya sami nono. Na ɗaga hannu a hankali, fatar yatsan tana biye da ƙarfen. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a tsakiyar layin masu ƙarfe ba. Waɗanda suka gudu suka dawo. Buba ya gwada, Oga Chidi ya gwada, har mai lemu sai da ta ajiye faranti ta kawo nata yatsan.

Oga Chidi ya ce, "Mama, abeg, in ka fara yin kurfoti, na farko nawa ne."

Bayan la'asar muka isa gida, don sai da muka sha tambayoyi a shingen sojoji saboda silindar da na ɗauko haya. Na sa aka janye zana, aka kori yara zuwa zaure, aka ajiye bokitin ruwa da na yashi. Na cika tukunyar tsaro da ruwa, wadda take tare wuta in ta juyo baya. Na bi duk mahaɗa da kumfar sabulu, ba inda ya yi ƙwai. Sannan na kunna. Wuta ta fito ja da hayaƙi, na ƙara iska ta koma shuɗiya, 'yar ƙwayar cikinta ta tsaya cak. Daidai take. Na saci kallon gindin dalbejiya, Malam bai motsa ba.

Sai na ƙara iska da gangan, har wutar ta fara huci.

Daga can na ji murya: "Dija, iska ta yi yawa. Za ki ƙona ƙarfen mutane. Rage."

Na ce, "Haka?"

"Kaɗan kuma. Yawwa. Shekara nawa ina faɗa miki."

Ya miƙe da kansa yana laluben bango. Na kashe wuta na sa masa tocin a hannu. Ya jinjina nauyinsa, ya shafa shi daga kai har gindi, ya ce, "Mai tsotso ne?" Na ce mai tsotso ne. Ya ce, "Wa ya zaɓa?" Na ce Buba ne da wayarsa. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun Mubi. Washegari tun da safe ya sa aka dawo masa da tabarmarsa kusa da inda nake aiki, yana sauraron wuta yana yi mini faɗa, har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara huɗu.

Abin da ranar ta koya mini, kafin ki tambayi wane toci ne ya fi kyau, ki fara duba abin da kike da shi a gida. Kada ki sayi abin da ba ki gwada ba, kuma mai shagon da ya bar ki kika gwada, ki riƙe shi. Shi ya sa har yau duk wadda ta zo koyon aiki wurina, kafin ta taɓa ashana sai ta ɗora yatsa.

Cikin waɗanda suka ga ranar, Malam ya tafi, mai lemu ma na ji ta rasu. Buba ya yi ritaya yana unguwar Makama, in ya zo gaishe ni har yanzu yana ɓoye hannunsa in ya ga gwangwanin mai. Oga Chidi yana nan a shagonsa, kansa ya yi fari, iyalinsa sun dawo, matarsa tana girki a kurfotina na farko. Sai ni. Sai kuma tocin, ga shi can rataye a ƙusa, wanda kuke rigima a kansa kowace safiya.