Takin da Yakura ta saya wa wani

Gonar Aisami tana arewa da Gure, ta hanyar Kelle, kuma ta gaji tun kafin matarsa Yakura ta shigo gidan. Rairayi ne fari. Abin da ke riƙe da ita shanun Usmanu ne, Bafillacen da ke gangarowa daga Alakos kowane ɗari. Shanu su ci karan hatsi, su kwana, su bar kashi da fitsari. Mai gona ya ba makiyayi damman hatsi, kuma shi mai gonar ke nuna inda garke zai kwanta, yana matsar da shi har gona ta samu ko'ina.

Shekarar da aka tafi da Aisami aikin dole na hanya, Yakura ta rage da yara da rabin rumbu. Yayan mijinta, Umara, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in gonar ba ta ciyar da su bana ba, zai haɗa ta da tasa, su kuma su dawo gidansa. Yakura ta san zaman gidan Umara, daka ne da ɗiban ruwa daga safe har yamma.

Da Usmanu ya iso, ya fara da tsiyar wasa da ke tsakanin Fulani da Barebari, dangin Yakura.

"Baiwata, ina ubangidanki? Ko ya gudu ya bar mini ke?"

"Bawa ba ya tambayar iyayengijinsa. Sauke shanunka."

Hatsin da za ta iya bayarwa bai kai na rabin gona ba. Sai ta yi dabara irin ta mai kaɗan: ta zaɓi ɗan kwarin da ke tsakiya, ta ce a nan shanu za su kwana har su tashi. Usmanu ya ce Aisami yakan matsar da garken. Ta amsa masa cewa Aisami ba ya nan. Ya kai shanun kwarin, don makiyayi ba ya koya wa mai gona gonarsa. Da safe shanun suka riƙa bazuwa kan tudu, suka cinye karan ƙarƙaf, da yamma su kai wa kwarin kashin.

Da bazara iska ta kwashe fuskar tudun, tunda babu karan da zai tare ta. Ruwan farko ya sauka, ta yi shuka. Hatsin kwari ya fito baƙi ƙirin, har matan da ke wucewa rijiya suna tsayawa kallo. Sai ruwa ya ɗauke. Taki mai yawa ba ya haƙuri da fari, ya ƙone shukar tun daga saiwa. Na tudu kuwa, wanda bai samu kome ba, ya rayu a rame, ya ba ta abin da bai kai su ƙarshen ɗari ba.

Aisami bai dawo ba, ba a kuma kawo labarinsa ba. Umara ya zo da jaki ya kwashe tukwanen.

Damina ta gaba takin ya riga ya huce. Kwarin ya yi zangarniya irin wadda ba a taɓa gani a gonar ba. Yakura na cikin matan da suka ɗauko damman a ka zuwa rumbun Umara. Mutane suna cewa Umara ya iya noma. Ta zauna a gidan har ta tsufa, kuma ita ce ke sussukar hatsin wannan kwari kowace shekara.